Wa ke aiki ƙarfe 2 na dare? Tarihin ayyukan agogo a rumbun bayanai

1/
Sha biyun dare ta yi, datarka ta ƙare. Wata ya ƙare, banki ya cire kuɗin alat. Babu wani ma'aikaci da ya hana idonsa barci don ya danna maɓalli. Umarni ne aka rubuta, aka ɗaura masa lokaci, aka tafi gida. Yau ga tarihin wannan abu, daga 1956 zuwa yanzu. Ku gyara zama. 🧵

2/
Mu fara daidaita kalmomi. Rumbun bayanai manhaja ce da ke adana bayanai. Irin wanda muke magana a kai shi ne mai alaƙa: komai a tebura, layi-layi. Teburin kwastomomi daban, na asusu daban, lambar kwastoma ce ke haɗa su. Oracle, SQL Server, MySQL da PostgreSQL duk 'yan wannan gida ne.

3/
Aikin da ake ce wa rumbun ya riƙa yi da kansa in lokaci ya yi kuma, zan kira shi aikin agogo. Misali: kullum ƙarfe 2 na dare share tsofaffin bayanai. Duk ƙarshen wata lissafa kuɗin da za a cire. Duk awa ɗaya ɗauki kwafin ko-ta-kwana.

4/
Abu ɗaya nake so ku riƙe har ƙarshen zaren nan. Sa na'ura ta tashi aiki a kan lokaci, wannan an gama da shi tun shekarun 1970. Abin da har yau yake kayar da manyan kamfanoni shi ne sanin ko aikin ya yi ko bai yi ba.

5/
A shekarun 1950 kwamfuta ɗaki guda take cikawa, kuma mutum ne agogonta. Ka huda shirinka a kati, ka miƙa wa mai kula da na'ura, ka koma ka jira. Shi zai ɗora, ya jira ya gama, ya sauke, ya ɗora na gaba. Tsakanin aiki da aiki na'ura mai tsadar gaske tana zaman banza.

6/
A 1956 kamfanonin General Motors da North American Aviation a Amurka suka haɗa wani tsari mai suna GM-NAA I/O don kwamfutar IBM 704. Aikinsa kaɗan ne: in wannan shiri ya gama, ya tayar da na gaba ba tare da jiran mutum ba. Daga nan aka fara tara ayyuka a jere a sake su lokaci guda.

7/
IBM ta sanar da System/360 a 1964, kuma tsarinta ya zo da harshen JCL, wanda da shi ake bayyana aiki: sunansa, matakansa, fayilolin da zai taɓa. Bankuna suka ɗauki salon. Da rana a tara mu'amaloli, da dare a zuba su cikin asusu. Asalin "aikin dare" na banki ke nan.

8/
A lokacin babu rumbu mai tebura tukuna. Sai a Yunin 1970 Edgar Codd, wani Bature ɗan Ingila da ke aiki a IBM, ya wallafa maƙalar da ta kafa tunanin. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen SEQUEL, wanda ya koma SQL. A 1979 Oracle ta shiga kasuwa.

9/
To amma rumbun Codd bai san lokaci ba. Ka tambaye shi, ya amsa. Ba ka tambaya ba, ya yi shiru. Kamar mai tsaron shago ne da ya san inda komai yake, amma ba zai share shago ba sai an ce masa share. Dole a samu mai tashinsa daga waje.

10/
Mai tashin ya fito ne daga Bell Labs, gidan da aka haifi Unix. Sunansa cron, daga kalmar Girkanci mai nufin lokaci. Wanda ya zo a Unix na 7 a 1979 dabararsa ba ta da wuya: ya farka, ya karanta fayil ɗaya, ya ga ko akwai aikin da lokacinsa ya yi, ya tayar da shi, ya yi barcin minti ɗaya, ya sake.

11/
Da masu amfani suka yi yawa sai wannan farkawa ta kowane minti ta zama nauyi. A Jami'ar Purdue, ƙarshen shekarun 1970, aka sake masa fasali: ya jera ayyuka bisa lokacinsu, ya yi barci har sai na farko ya zo. A 1987 Paul Vixie ya fitar da nasa, wanda Linux ta gada daga baya.

12/
Rubutun cron gurabe 5 ne: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako.

0 2 * * *

Ma'ana: minti 0, ƙarfe 2, kowace rana. Tauraro yana nufin "kowanne".

30 23 * * 5

Wannan kuma 11:30 na dare duk Juma'a. Fiye da shekara 40 ana rubuta shi haka, har a manhajojin da aka yi jiya.

13/
Ku lura da wannan, za mu dawo kansa: in aiki ya fitar da wani saƙo, ko na kuskure ne, cron imel yake tura wa mai aikin. Shi ke nan. Bai damu da ko an karanta ba, bai ma damu da ko imel ɗin ya isa ba.

14/
Haka aka daɗe ana yi. Cron yana waje, ya ƙwanƙwasa ƙofar rumbu, ya miƙa umarnin SQL. Yana aiki, amma da 'yan matsaloli. Kalmar sirrin rumbu tana kwance a fayil. Mai kula da rumbu bai san abin da mai kula da saba ya saka ba. A kwashe rumbu a kai sabuwar saba, a manta da ayyukan a tsohuwa.

15/
Shi ya sa masu ƙera rumbu suka ce bari mu shigo da agogon ciki. A shekarun 1990, zamanin Oracle 7, aka samu DBMS_JOB. Tushensa buƙatar sabunta kwafin tebura ne da ke wata saba lokaci-lokaci. Da aka ga yana aiki, sai kowa ya fara ɗora masa nasa kayan.

16/
DBMS_JOB yana da halaye da suka sa masu kula da rumbu furfura. Na farko: ka ƙirƙiri aiki amma ba ka rubuta COMMIT ba, to aikin bai shiga layi ba. Na biyu: in saitin job_queue_processes yana kan 0, duk ayyukanka suna nan a rubuce, babu wanda zai motsa.

17/
Na uku shi ne zamewar lokaci. Mutane kan rubuta SYSDATE + 1, wato "gobe war haka". Ana lissafa shi ne daga lokacin da aikin ya tashi. A ce saba ta mutu da dare, aka kunna ta ƙarfe 9 na safe, aikin ya tashi a lokacin. Daga ranar ya koma aikin 9 na safe, daidai sanda kwastomomi suka cika.

18/
Na huɗu: in aiki ya gaza, Oracle zai sake gwadawa bayan minti 1, sannan 2, sannan 4, yana ninkawa. In ya gaza sau 16 a jere, sai a yi masa alamar karyayye a daina tayar da shi. Ba wanda zai kira ka a waya. Sai ka leƙa da kanka za ka gani.

19/
Da Oracle 10g ta fito aka kawo DBMS_SCHEDULER. Lokaci ya koma na kalanda, kamar FREQ=DAILY; BYHOUR=2, babu zamewa. Aka samu tebur mai tarihin kowane tashi: yaushe ya fara, minti nawa ya ci, ya yi nasara ko a'a. Daga baya aka ƙara sarƙa, wato kar wannan ya tashi sai wancan ya gama.

20/
Tsohon bai mutu da wuri ba fa. Sai a 12.2 Oracle ta ce a daina dogaro da DBMS_JOB. A 19c kuma, ko ka rubuta da tsohon salo, a ƙarƙashi sabon ne ke ɗaukar aikin. Dalili: akwai tarin ayyuka da aka saka shekaru da dama, waɗanda suka saka su sun bar aiki, kowa na tsoron taɓawa.

21/
Microsoft ta bi tata hanyar. A SQL Server 6 akwai SQL Executive, a 7.0 na 1998 ya zama SQL Server Agent. Shi aiki matakai ne: in mataki na 1 ya yi, je na 2, in ya gaza, tsaya ko ka tsallaka wani. Ana kuma rubuta sunan wanda za a sanar, ta imel ko ta feja a wancan zamani.

22/
Abu biyu ga masu koyo. Ayyukan Agent a wani rumbu na daban suke zaune, msdb. Ka kwafi rumbunka ka kai wata saba, ayyukan ba za su bi ka ba. Sannan SQL Server Express, na kyauta da ɗalibai suka fi saukewa, ba a tayar da Agent a cikinsa. Kar ka wahalar da kanka kana nema.

23/
MySQL, wadda ta fito daga Suwidin a 1995, ta daɗe tana dogaro da cron. Sai a jerin 5.1, wanda ya kammala fitowa a Nuwamban 2008, aka saka agogo a ciki. Ga kamanninsa:

CREATE EVENT share_tsoffi
ON SCHEDULE EVERY 1 DAY
STARTS '2025-01-01 02:00:00'
DO DELETE FROM lambobi WHERE ranar_karewa < NOW();

24/
Kyakkyawan rubutu, ko? To ga tarkon: daga 5.1 har 5.7, agogon a kashe yake zuwa. Ka ƙirƙiri aikin, MySQL ta karɓa, ka duba jeri ka gan shi, amma ba zai taɓa tashi ba sai an kunna:

SET GLOBAL event_scheduler = ON;

Sai a 8.0 na 2018 ya fara zuwa a kunne.

25/
Sauran tarkunan MySQL. Aikin sau ɗaya, in ya gama yana share kansa, sai ka ce ON COMPLETION PRESERVE. Aikin kowane minti 5 da ya ci minti 7, na biyu zai tashi a kansa, su biyu su yi ta taɓa layi ɗaya, sai ka sa makulli da GET_LOCK. A 8.0 kuma mysqldump ba ya kwaso ayyukan sai ka ƙara --events.

26/
Akwai kuma na sabar madadi. In kana da babbar saba da wata da ke kwafarta, ayyukan agogo a kashe suke a ta biyun, don kar a yi aiki sau biyu. Daidai ne. Amma ranar da babbar ta mutu kuka koma kan madadin, in ba a kunna su ba, shafi zai buɗe lafiya, aikin dare kuma ya tsaya cak.

27/
PostgreSQL, jikar aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, har yau ba ta da agogo a cikin ainihin jikinta. An daɗe ana amfani da pgAgent ko cron. A 9.3 na 2013 aka ba da damar ƙara ma'aikatan bayan fage a cikin rumbu. A 2016 kamfanin Citus Data ya gina pg_cron a kan wannan dama.

28/
Kuma da wane rubutu? Gurabe 5 ɗin nan na zamanin Unix:

SELECT cron.schedule('share-tsoffi', '0 2 * * *', 'DELETE FROM ...');

Tarihin kowane tashi yana shiga teburin cron.job_run_details. Abin dariya: teburin yana ta kumbura, sai ka saka wani aikin agogo da zai riƙa share tarihin ayyukan agogo. 😅

29/
Nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. pg_cron da agogon GMT yake zuwa. Najeriya da Nijar suna gaban GMT da awa 1. Ka rubuta 0 0 * * * kana nufin sha biyun dare a Kano ko Maraɗi, aikin zai tashi ƙarfe 1. Rahoton "cinikin yau" ya haɗa da awa ɗaya ta gobe, lissafi ya ƙi daidaita.

30/
Mu dai Alhamdulillahi ba ma canza agogo. Amma in sabarka tana bin lokacin Amurka, a Maris agogo na tsallakewa daga 2 zuwa 3, wato 2:30 babu ita a ranar. A Nuwamba kuma 1:30 sau biyu take zuwa. Ya danganta da manhajar, aiki na iya ɓacewa ko ya maimaitu. Ka yi tunanin cire kuɗi ne.

31/
Yanzu mu ga abin da ke faruwa in aikin dare ya lalace. Birtaniya, Yunin 2012. Bankunan RBS, NatWest da Ulster Bank, duk gida ɗaya. Manhajar da ke jera musu ayyukan dare sunanta CA-7. Ita a wajen rumbu take, kan manyan kwamfutoci, zuriyar tsarin nan na JCL. Aikinta dai ɗaya ne: wa zai tashi, yaushe, bayan wa.

32/
Ranar 17 ga Yuni aka sabunta ta. Da aka ga matsala, aka yanke shawarar komawa tsohuwar ba tare da an gwada abin da hakan zai haifar ba. Ashe sabuwar da tsohuwar ba sa jituwa. Jerin ayyukan ya hargitse. Kuma aikin daren yau ba ya yiwuwa sai na jiya ya kammala, sai suka yi ta taruwa.

33/
Fiye da kwastomomi miliyan 6.5 abin ya shafa. Wasu sun kasa ganin sahihin kuɗin da ke asusunsu. Wasu sun kasa biyan bashin gida a kan lokaci. Wasu sun maƙale a ƙasashen waje babu kuɗi. Wasu kamfanoni sun kasa biyan albashi. Na Ulster Bank sun kai kusan mako 3 a cikin wannan hali.

34/
A Nuwamban 2014 hukumomin kula da harkar kuɗi na Birtaniya guda biyu suka ci tararsu fam miliyan 56: FCA miliyan 42, PRA miliyan 14. Babu ɗan kutse a labarin nan. Jadawalin aikin dare ne kawai aka taɓa ba tare da gwaji ba.

35/
Na biyu ya fi kusa da masu PostgreSQL. GitLab, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, 31 ga Janairun 2017. Wani injiniya yana ƙoƙarin gyara sabar madadi cikin dare, ya goge bayanai a babbar saba a zaton madadin ce. Kafin ya tsayar, kusan gigabayit 300 sun tafi, saura kamar 4.5.

36/
Sai aka ce ba komai, ai akwai kwafin ko-ta-kwana da ake ɗauka kullum. Aka je ma'ajiyar, wayam. Aikin yana tashi a kan lokaci, amma da pg_dump na 9.2, rumbun kuma 9.6 ne. Kullum sai ya tashi, ya gaza, ya koma barci.

37/
To me ya sa ba wanda ya sani? Ku tuna lamba 13. Cron yana tura imel ɗin kuskure yadda aka tsara shi. Amma imel ɗin bai cika sharaɗin tantancewa na DMARC ba, sai sabar da ke karɓa ta yi ta watsi da shi. Aiki na kuka, ba mai ji. Kowa ya ɗauki shirun a matsayin lafiya.

38/
Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin nan, don wata buƙata ta daban. Dawo da shi ya ci kusan awa 18, suna nunawa kai tsaye a YouTube. A ƙiyasinsu an rasa ayyuka kamar 5,000, sharhi kamar 5,000, da asusun masu amfani kusan 700.

39/
A yaba musu abu ɗaya: sun rubuta komai dalla-dalla sun wallafa, shi ya sa muke iya koyo. Sun kuma bayyana cewa babu wani takamaiman mutum da aka ɗora wa alhakin gwada ko kwafin yana dawowa. Kowa na zaton akwai mai dubawa.

40/
Ku dubi tafiyar. Da farko mutum ne ke ɗora aiki, in ya lalace yana tsaye yana gani. Cron ya karɓi tashin, ya bar maka imel. Rumbu ya shigo da agogo ciki, ya bar maka tebur na tarihi. Kowane mataki ya rage mana wahala, ya kuma ƙara nisa tsakanin aikin da idon mutum.

41/
Don haka in kana koyon SQL, ko kai ke riƙe da rumbun wata makaranta ko wani ƙaramin kamfani, kafin ka saki aikin agogo tambayi kanka:

• Agogon a kunne yake?
• Da lokacin wace ƙasa yake aiki?
• In ya tashi sau biyu, me zai ɓaci?
• In na jiya bai gama ba fa?
• In muka koma wata saba, zai biyo mu?

42/
A kan "sau biyu" ɗin nan: rubuta aikin yadda maimaitawa ba za ta yi ɓarna ba. Kafin ya cire kuɗin watan Maris, ya duba ko akwai layin da ke cewa an cire. Mafi kyau, sa wa teburin ƙa'idar UNIQUE a kan lambar asusu da wata. Ko aikin ya yi gigi, rumbun da kansa zai ƙi karɓa.

43/
A kan sani kuma: kar ka zauna jiran saƙon gazawa, don shi ma yana iya ɓacewa a hanya. Juya abin. Duk sanda aiki ya gama lafiya ya rubuta "na yi". Wani abu daban, a wata na'ura daban, ya riƙa dubawa. Ƙarfe 3 ta yi babu "na yi", waya ta yi ƙara.

44/
Kwafin ko-ta-kwana kuwa, wanda ba a taɓa dawo da shi an gani ba, zato ne kawai. Ware rana a wata, ɗauko shi, zuba a wata saba, ƙirga layuka. Kuma a rubuta sunan wanda wannan aiki ke wuyansa, mutum ɗaya takamaimai, da wanda zai karɓa in ba ya nan.

45/
Aikin gida ga mai rumbu a hannu. A MySQL rubuta SHOW EVENTS. Ka duba LAST_EXECUTED a information_schema.EVENTS. A PostgreSQL leƙa cron.job_run_details. A SQL Server buɗe tarihin Agent. A Oracle duba DBA_SCHEDULER_JOB_RUN_DETAILS. Ka ga yaushe kowane aiki ya tashi na ƙarshe, kuma da me ya ƙare.

46/
Wanda ya duba ya ci karo da abin mamaki, ya dawo ya ba mu labari a ƙasa, ba sai ya faɗi sunan wurin aikinsa ba. In zaren ya amfane ku, ku tura wa abokinku mai koyon SQL. Allah Ya sa mu dace. 🙏🏾